Gargaɗi: A Yi Hattara da Ruwan Feshin Fuska a Wannan Hunturun

Jama'a, musamman iyaye mata, 'yan mata, amare da masu sana'ar kwalliya da gyaran jiki: duk wadda ke da kwalbar ruwan feshin fuska a jaka ko a gaban madubi, ta ɗauko ta yanzu ta duba. In babu sunan kamfanin da ya yi shi, babu jerin abubuwan da aka haɗa, babu ranar lalacewa, babu lambar NAFDAC, a daina fesawa daga yau. In a gida aka haɗa shi kuma ya wuce wuni ɗaya a ajiye, a zubar. Wadda idonta ya yi ja yana ciwo bayan feshi, kada ta bari gari ya waye ba ta ga likita ba. Waɗannan ukun ba sa jira, bayani kuwa ga shi nan tafe.

Hunturu ya kankama. Daga Nuwamba har zuwa wajen Maris iskar arewa maso gabas ke kwaso ƙura daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta baza mana ita tun daga Agadas da Damagaram har Kano, Sakkwato, Maiduguri, Garwa da Tamale. Ba ƙura kaɗai take kawowa ba. Iska ce busasshiya ƙayau, da rana tsaka danshin da ke cikinta kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, alhali fatar ɗan Adam ta fi samun sakewa idan danshin yana tsakanin kashi 40 zuwa 60. Shi ya sa fuska ke ɗaurewa, ta yi furu-furu, gefen hanci ya riƙa saɓa, hoda ta ƙi zama. A daidai wannan lokacin ne masu tallar ruwan feshi ke cin kasuwarsu, a shaguna da WhatsApp da TikTok: fesa sau ɗaya, fuska ta yi sheƙi, ki wuni cikin laushi. Kuma da an fesa ɗin ana jin daɗi, wannan ba ƙarya ba ce. Matsalar tana zuwa ne bayan minti goma.

Saman fata wani siririn rufi ne na matattun ƙwayoyin halitta da wani maiƙo ya haɗe su wuri ɗaya. Aikinsa tsare ruwan jiki kada ya tsere. Tun a 1952 wani mai bincike a Amurka, Irvin Blank, ya nuna cewa ruwa ne ke sa wannan rufin ya yi laushi, kuma idan ruwan da ke cikinsa ya gaza kashi 10 cikin ɗari sai ya yi gautsi ya fara tsagewa. To ai kuwa sai a ce a fesa ruwa, magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Ruwan da aka fesa aka bar shi a fili, iskar hunturu ce ke shanye shi cikin 'yan mintoci. Kafin ya tafi ya riga ya jiƙa rufin ya kumbura shi, ya narkar da wasu daga cikin sinadaran da fata ke riƙe danshi da su. Ya bushe, rufin ya sake tsukewa. A fesa, ya bushe, a sake fesawa, ya sake bushewa, sau goma a wuni: kumburi da tsukewa ke nan sau goma, har rufin ya gaji ya fara buɗe ƙananan kafofi. Kowa ya san yaron da ke lasar leɓe a hunturu. Yana lasa don ya ji sanyi, leɓen na ƙara bushewa, har a wayi gari ya tsage yana jini, ga baƙin zobe ya zagaye bakin. Abin da mai feshi ba tare da shafa mai ba ke yi wa fuskarta ke nan.

Alamar da za ki gane kin shiga wannan hali ita ce yawan buƙata. Makon farko sau biyu kike fesawa, yanzu kwalbar ba ta barin hannunki, kuma da kin daina sai fuskar ta ɗaure fiye da da. Mai sayarwa za ta ce fatarki ce ke shan ruwa, a ƙaro kwalba. Fatar ba ta sha komai ba, iska ce ta sha.

Akwai waɗanda za su ce nasu ba ruwa zalla ba ne, da gilisarin a ciki, ko sinadarin hayaluronik da ake ta yayi. Gwamma wannan, gaskiya. Sinadarai ne masu jan danshi su riƙe, kuma gilisarin musamman tsohon abu ne da likitocin fata suka yarda da amfaninsa. Sai dai su ma rabin aiki suke yi. Suna riƙe ruwa na ɗan lokaci, ba sa rufe shi, kuma a iskar da ba ta da danshin da za ta ba su, abin da suka riƙe ma tafiya yake yi in ba a ɗora mai a kai ba. Gilisarin ɗin da aka zabga da yawa kuwa danƙo yake yi, a fita da shi cikin hazo a dawo da ƙurar titi manne a kumatu, washegari ƙuraje su feso.

Wanda ya fi muni shi ne mai ɗauke da sipirit. Yawancin feshin da ake yi a kan kwalliya don ta zauna daram suna da shi, domin shi ke sa ruwan ya bushe nan take. Irin wannan ba don danshi aka yi shi ba ko kusa, amma da yake kwalaben sun yi kama, 'yan mata da dama suna fesa shi duk wuni a zaton suna shayar da fata. Sipirit narkar da maiƙon fata yake yi. In kin fesa kin ji wani sanyi mai ratsawa da ɗan warin allura, ko kin ga kalmar alcohol cikin sunaye biyu ko uku na farko a jikin kwalbar, ki bar shi ga ranar biki kawai. Kuma a kiyaye: yana kama wuta. Ɗakin amarya ga kaskon turaren wuta da garwashi jajir a gefen gado, ga mai kwalliya tana feshi a kan fuskar da ke kewaye da gashin kanti da mayafi mai santsi. A fitar da kaskon tukuna. Haka nan kada a bar gwangwanin feshi a cikin mota a rana ko kusa da risho da gas.

Yanzu ga babban abin da ya sa aka fitar da wannan gargaɗi, wato haɗin gida da haɗin masu sayarwa a kwalabe marasa suna. Ana koya wa mutane su jiƙa shinkafa su tace ruwan, su markaɗa kokwamba, su kankaro ruwan alobera, su zuba zuma da ruwan wardi da ganyen shayi, a ɗura a kwalba a riƙa fesawa har ta ƙare. Ana kuma alfahari da cewa babu sinadarin hana lalacewa a ciki, wai shi ne oganik. To wannan abin alfaharin shi ne haɗarin. Duk abin da ya haɗa ruwa da siga ko sitaci abinci ne ga ƙwayoyin cuta, kuma a ɗumin jaka ko aljihun mota wasunsu kan ninka yawansu cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. Tun kafin ruwan ya yi tsami ko ya canja launi ya riga ya cika da su. Hanci ba ya ganewa da wuri, ido ma haka. Firji yana rage saurin abin, to amma firjin da wuta ke zuwa masa awa huɗu ta ɗauke awa goma, ina amfaninsa a nan?

Ku ɗaga irin wannan kwalbar ku haska ta da fitilar waya. Dubi siririn bututun da ke tsotso ruwa daga ƙasa. Sau da yawa za a ga wani yauƙi ya lulluɓe cikinsa, fari-fari ko ruwan toka, wani lokaci da ɗigo-ɗigon baƙi a ƙarƙashin murfi inda yatsa ke dannawa. Gidan ƙwayoyin cuta ke nan, kuma ɗauraya da ruwa ba ta fitar da shi. Duk sabon haɗin da aka zuba a kai, ta cikin wannan bututun zai bi kafin ya iso fuska. Fuskar kuma wace iri? Wadda hunturu ya riga ya tsattsaga, ga ƙurji an matse jiya, ga ido a buɗe.

Kada a ce ai ruwa ne kawai na zuba, ban sa komai ba. Akwai wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira Pseudomonas, wadda ke iya rayuwa har ta hayayyafa a cikin ruwan da aka tace tas. In ta samu ƙwarzane a baƙin ido, cikin kwana biyu tana iya cinye shi. A 2023 an kama ta a Amurka cikin wani maganin ɗigawa a ido mai suna EzriCare, wanda aka yi a Indiya ba tare da sinadarin hana lalacewa ba, a kwalbar da ake buɗewa a rufe kullum. Mutum 81 aka tabbatar sun kamu, 14 suka rasa gani, aka ƙwaƙule idon mutum huɗu, mutum huɗu suka rasu. Kafin wannan, a 2021, wani turaren feshin ɗaki da kantunan Walmart na Amurka suka sayar ya zo da wata ƙwayar cutar daban. Mutum huɗu suka kamu a jihohi huɗu, biyu suka mutu, har da ƙaramin yaro. Waɗannan ba ruwan feshin fuska ba ne, amma hanyar ɗaya ce: ruwa a kwalba, ƙwayar cuta a ciki, a kai shi ido ko a shaƙe shi. Kuma kayan masana'anta ne, a ƙasar da ke da masu bin diddigi har suka gano tushen abin. Wadda ta haɗa nata a tsakar gida da ruwan 'yan garuwa, in ido goma suka lalace a unguwa goma, wa zai haɗa lissafin?

Masu sa gilashin cikin ido, har da na ado mai launi da amare ke yayi yanzu, ku ne kan gaba a haɗari. A ruwan famfo da na rijiya da na tanki akwai wata ƙaramar halitta, Acanthamoeba, da ke maƙalewa tsakanin gilashin da baƙin ido. Ciwonta mai tsanani ne, maganinta kan ɗauki watanni, wani lokaci sai an yi dashen baƙin ido, wani lokaci ma ganin ba ya dawowa. Garin neman gira kada a rasa ido. Duk mai gilashi a ido kada ta fesa komai a fuska sai ta cire shi. Masu kwalliya kuma, al'adar nan ta jiƙa soso da feshi a dandanna wa amarya, a juya kan ƙawayenta shida da soson nan dai, ita ce hanyar da afolo da ƙuraje ke bi su zagaye gidan biki. Kowace fuska da nata soson, ko a wanke da sabulu a bari ya bushe.

Lemun tsami kuwa a cire shi daga lissafi gaba ɗaya. Yana da wani sinadari da in ya zauna a fata rana ta doke shi, sai wurin ya ƙone, wani lokaci har ya yi bororo, ya warke ya bar baƙin tabo na watanni. Wadda ta fesa shi don ta yi haske ta fita kasuwa, tabon da ta tafi gogewa shi za ta ninka.

Sai kuma 'yar na'urar nan da ake caji da igiyar waya, mai fitar da ruwa kamar hayaƙi. Ta yi araha, ta shiga hannun kowa, har yara na wasa da ita. Ɗigon da take fitarwa ƙanana ne ƙwarai, ba a fuska kaɗai suke tsayawa ba, ana shaƙarsu. Saboda haka abin da aka zuba mata yana iya kaiwa huhu. Ana zuba mata turare, ana zuba man ƙamshi, wasu har maganin kashe ƙwayoyin cuta suke ɗigawa wai don ruwan ya tsarkaka. Kada a kuskura. A Koriya ta Kudu, sai a 2011 aka gano cewa wani maganin tsaftace ruwa da ake zubawa a na'urar ƙara danshin ɗaki shi ke lalata huhun mutane. Ɗaruruwa suka mutu, da yawansu mata masu ciki ne da jarirai, kuma sinadarin da ya yi wannan ɓarna ana amfani da shi a goge-goge ba tare da an ga illa ba, shaƙarsa ce ta zama ajali. Mai wannan na'ura ta zuba ruwan da aka tafasa ya huce, shi kaɗai, ta juye ragowar kowane dare, ta bar ta a buɗe ta bushe. Mai asma da jariri kuma a nisanta su da ita, da ma kowane feshi mai ƙamshi. Ƙurar hunturu ta ishi ƙirjinsu.

Akwai nau'in da ake sayarwa da alƙawarin haske: feshin amarya, feshin sheƙi, mako ɗaya a ga canji. Ruwa ba ya sa mutum fari. Gilisarin ba ya yi, ruwan wardi ba ya yi. In abu ya hasko fuska cikin kwanaki, to akwai abin da aka zuba a ciki aka ɓoye. Abubuwan da hukumomi suka daɗe suna kamawa a mayukan bilicin da sabulai da haɗe-haɗe uku ne: sitiroyid, haidurokwinon da makuri. Dokokin NAFDAC na 2019 sun hana sa sitiroyid da makuri a kayan kwalliya, sun kuma hana haidurokwinon ya wuce kashi 2 cikin ɗari, kuma a 2023 shugabar hukumar, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Hannun da ya saba zuba waɗannan a kirim ba tare da ya rubuta ba, babu dalilin amincewa da kwalbar feshinsa. Sitiroyid na sirantar da fata har jijiyoyi su fito ja-ja a kumatu, ya kawo ƙuraje da gashin fuska, kusa da ido kuma yana iya jawo hawan jinin ido da yana. Haidurokwinon in ya daɗe yana barin wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a saman kumatu wanda da wuya ya goge. Makuri ƙoda yake taɓawa da jijiyoyi, yana kuma kaiwa ga ɗan tayi da jaririn da ke shan nono. Wadda ta daɗe tana amfani da irin wannan haɗin, ta lura: in ta daina kwatsam fuskar na iya yin ja, ta yi zafi, ta feso. Wannan alamar sitiroyid ce, ba alamar cewa fatar na buƙatar haɗin ba. Likitan fata ne zai tsara mata yadda za ta rabu da shi a hankali.

Ba a ce feshin fuska duka sharri ba ne. A zafin bazara, ko a Makka da Mina lokacin aikin Hajji, ruwan da aka fesa yana sanyaya jiki, kuma a can bushewar tasa ita ce amfanin. Na kamfani mai rajista, wanda ba shi da sipirit da turare mai yawa, yana da wurinsa ko a hunturu, in an san yadda ake yi da shi. Ga yadda ake yi: a rufe ido da baki, a nisanta kwalbar kamar taƙi ɗaya daga fuska, a fesa kaɗan. Kada a tsaya jiran ya bushe da kansa, kada a yi masa fifita. A dandanna da tafin hannu mai tsafta, tun fuskar na da laima a ɗora mai. Man shi ne murfin. Basilin zalla yana tare kusan kashi 98 cikin ɗari na ruwan da ke tserewa ta fata, babu wani mai da ya kai shi a wannan aikin, kuma ɗan abin da zai laƙaci kan yatsa ya isa fuska. Man kaɗanya mai kyau ma yana yi, kakanninmu da shi suka ci hunturu. Mai fuska mai maiƙo da ƙuraje ta nemi kirim mara nauyi, ta bar basilin ga leɓe da gefen hanci da wuraren da suka bushe.

Hasali ma wadda za ta bi wannan ƙa'ida ba ta buƙatar sayen kwalbar komai. Muna wanke fuska sau da yawa a wuni, ga wanka ga alwala. Bayan kowace alwala fuska a jiƙe take, feshi ya samu ke nan kyauta. Abin da ya rage shi ne ɗan mai a shafa kafin iska ta shanye laimar. A rage zafin ruwan wanka, domin ruwa mai ƙuna wanke maiƙon fata yake yi, a daina dirzar fuska da soso da sabulu mai kaifi safe da yamma, a jinkirta dilka da gurza in fatar ta riga ta tsage. Ma'aikatan ofis da ke wuni cikin iyakwandishan, maza da mata, su ma abin ya shafe su, don na'urar busar da iska take ƙara yi. Ƙaramin gwangwanin mai a aljihun tebur ya fi musu kwalbar feshi.

Wadda duk da haka take son haɗa nata, ta tafasa ruwa ya huce, ta ɗiga gilisarin kaɗan, ta haɗa iya na wuni ɗaya, da dare ta zubar. Ba shinkafa, ba madara, ba zuma, ba lemun tsami. Kwalbar a wanke ta da ruwan zafi da sabulu, a fesa ruwan sabulun ya bi ta bututun, a ɗauraye, a bar ta a buɗe ta bushe ƙarau. Kwalbar da aka taɓa zuba turare, maganin sauro ko ruwan goge gilashi ba ta komawa ta fuska har abada. Sabon feshin kanti kuma a fara gwada shi a bayan kunne ko cikin hannu a jira kwana biyu.

Ga alamomin da ba a zama da su a gida. Ido ya yi ja da ciwo, ko yana gudun haske, ko gani ya dushe, ko an ga farin ɗigo a kan baƙinsa: a cire gilashi in akwai, a tafi asibitin ido a ranar. Kada a ɗiga ruwan nono, kada a zizara kwalli, kada a sayo maganin ɗigawa a kemis bisa ƙiyasi, domin wasunsu na da sitiroyid, shi kuma ƙara rura gyambon ido yake yi. Fuska ko leɓe ko harshe ya kumbura bayan feshi, ko numfashi ya yi wuya: wannan na gaggawa ne, a nufi asibiti mafi kusa nan take. Ƙuraje masu ruwa ko mugunya, ja mai yaɗuwa da zafi, ko zazzaɓi a kai: a ga likita, a daina shafa komai sai abin da ya ce. A tafi da kwalbar, kada a jefar, don likita ya ga abin da aka yi amfani da shi. In saye aka yi, a kai rahoto ofishin NAFDAC na jiha, tare da kwalbar da bayanin inda aka samo ta. Waɗanda ke Nijar, Kamaru, Chadi da Gana su kai wa hukumar kula da magunguna ta ƙasarsu ko cibiyar lafiya mafi kusa.

A isar da wannan saƙo ga makarantun kwana na 'yan mata, inda kwalba ɗaya kan zagaye ɗaki guda, da shagunan kwalliya, da gidajen da ke shirin biki a wannan watan.